Ranar Ganawar Jamilatu

Tun daga unguwar Abhur ta Jidda har ƙofar kwalejin likitanci kan Jamilatu a sunkuye yake. Tana zaune a kujerar baya, tana murza bakin abayarta. Abdulwahid, mutumin Maraɗi da ya yi furfura yana tuƙa motar gidan kawunta Hamad, sai leƙenta yake yi ta madubi. Sau biyu yana kusan wuce jar danja.

Makinta ya fi na kowa a makarantarsu. Takardar zama 'yar ƙasa ma ta fito bara, ta wajen mahaifiyarta, Balarabiyar Jidda. Amma a wannan kwalejin maki ba ya isa. Sai an zauna da yarinya an ga fuskarta, an ji gidan da ta fito. An san 'yan mata masu irin launin fatarta da suka shiga ɗakin ganawar da maki mai kyau, ba a sake kiransu ba.

Da suka tsaya, Abdulwahid ya zagayo ya buɗe mata ƙofa. Ya miƙa mata dabino, ta girgiza kai.

A ɗakin ganawar, mata uku ne a bayan tebur. Suka tambaye ta aikin zuciya da na ƙoda, ta amsa ba gargada. Babbarsu, Duktura Hind, ta cire tabarau, ta daɗe tana kallon hannayen Jamilatu.

"Gidan Hamad mun san su," ta ce. "Amma ke ba ki biyo su ba. Mahaifinki ɗan ina ne?"

Jamilatu ta kau da ido. Ta taga tana hango motar a rana, da mutumin da ya ƙi shiga inuwa.

"Me yake yi?" Duktura ta ƙara tambaya.

Jamilatu ta sunkuyar da kai ta ba da amsa, muryarta can ƙasa. Matan suka dubi juna. Fuskar Duktura ta saki, ta tura mata kofin ruwa.

"Halas, ya binti, shi ke nan, 'yata. Ranar Asabar ki fara."

Har bakin mota Duktura ta rako ta, ta dafa kafaɗarta. Ko kallon direban ba ta yi ba.

"Yalla, mu tafi, Abdulwahid," in ji Jamilatu. Sunan ya fita da ƙyar.

Ya ja motar suka bar unguwar. A wani lungu na unguwar Aziziyya ya faka, ya kashe mota.

"Sun ɗauke ki?"

"Sun ɗauke ni."

Ya rufe ido ya yi hamdala. "Sun yi tambayar?"

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"To, kin faɗa yadda na koya miki?"

"Na faɗa, Baba. Na ce musu ka rasu tun ina goye."