Gangaren Dam ɗin Norak

Muna gangarowa daga dam ɗin Norak ranar Lahadi, sai injin tasi ya yi tsit. Amaryata Rumasa'u, sabuwar zuwa Tajikistan, ta damƙe hannuna. Dutse a dama, rami da ruwa a hagu.

Na ce, "Kwantar da hankalinki. Haka direbobin nan suke kashe mota a gangare, tattalin mai suke yi."

Sai direbanmu Safarbek ya saki sitiyari, ya shafa addu'a.

Rumasa'u ta ce, "Wayyo Allah, mun mutu!"

"Haba, al'adarsu ce in za a wuce maƙabarta. Ko ba haka ba, yaya Safarbek?"

Bai waiwayo ba. Yana ta taka birki, mota na ƙara gudu.

Sai ya ce, "Ƙanena, babu maƙabarta a hanyar nan."