Layukan da Suka Cinye Gilashi

Karo na huɗu ke nan Kassimu yana kwance wayoyin na'urar yana sake ɗaurawa, Tasi'u na tokare da kwale-kwale da gora. Aka kunna. Gilashin na'urar ya nuna ƙasan ruwa tas, sai kuma layukan nan suka keto daga sama har ƙasa suka cinye komai.

Ƙungiyar masunta ce ta samo na'urar, wai tana hango kifi a ƙarƙashin ruwa, aka damƙa wa Tasi'u don shi ne ya yi sakandare. A shekarar da masara ta gagari mai gona, dam ɗin ma ya juya wa mutane baya. Sai mutum ya wuni yana jefa komar birgi, ya koma gida da abin da bai cika tafin hannu ba. Gari ya zuba wa na'ura ido, ita kuma ta zuba musu zane-zane.

Ba don mahaifinsa ba, da tuni an daina ɗora tukunya a gidansu Tasi'u. Malam Nababa shi ne Sarkin Ruwa, kuma bisa al'ada akwai wani lungu cikin ciyawar kacala da ba mai shiga sai shi. Kullum da hantsi tsohon zai fito da karfasa rabin kwando, ko ƙwarzanen ƙugiya babu a bakinsu. Mutane suka ce gado ne. Jikoki tara ke ci daga kwandon nan.

Kassimu, mai gyaran sola a Bici, ya yi duk abin da ya sani. Ya raba na'urar da batirin inji, ya kashe injin, ya kashe wayoyin aljihunsu, ya naɗe duk inda waya ta goge. Tasi'u ya so ya ɗauko batirin solar gidansu a gwada, ya tarar Baba ya cire shi, wai ya daina riƙe wuta. Abin takaicin, da hantsi ya yi sai layukan su ɓace da kansu, kamar masu tashi daga aiki.

Rana ta biyar Kassimu ya ajiye sukundireba.

"Na'urarka lafiyarta ƙalau. Wutar da ke jawo layukan nan ba daga jirgin take ba. Wani ne yake sakin lantarki a cikin ruwa."

Ran Tasi'u ya ɓaci. Kowa ya san kamun lantarki: yana kashe manya, ya kashe ƙanana, har ƙwai ba ya bari. Ashe shi ya sa dam ya zama kango. Shekara uku da suka wuce, Malam Nababa da bakinsa ya yanke hukunci a ƙofar masallaci, cewa duk wanda aka kama, shi da duk mai cin tuwon gidansa sun bar ruwan nan har abada.

Da yamma Tasi'u ya tarar da mahaifinsa zaune a zaure, hannunsa naɗe da tsumma, tsohon ya ce wajen banda kifi ya ƙone. Maganar ta zo wa Tasi'u har baki, ya haɗiye. Ba a kai wa Sarkin Ruwa zargi sai da shaidu biyu, ko da ɗansa ne mai kawowa.

Washegari da sassafe ya ɗauki na'ibin liman da wakilin dagaci a jirginsa. Suka yi gabas, layukan suka ragu. Suka juya yamma, suka ƙaru. Haka suka dinga bi, har gilashin ya yi baƙi ƙirin a bakin kacala.

"Ku ga rashin kunya," in ji Tasi'u. "Har lungun Baba ya shiga."

Ƙananan kifaye na yawo a saman ruwa, ciki a sama. Na'ibi ya dubi wakili, ya ce ko a haƙura haka. Tasi'u bai ko saurare shi ba, ya kafa gora ya tura, kacala ta dare. Da ya ga abin da ke gabansa ya so ya ja jirgin baya, amma shaidu biyu sun riga sun gani.

Malam Nababa ya ɗago kai, wayoyi biyu a hannunsa mai tsumma, batirin solar gida a tsakanin ƙafafunsa, kwandon jikoki ya kusa rabi.