Tambaya Ta Bakwai

Saura minti ashirin a tashi, malamar da ke sa ido ta ga abin da ya sa gabanta ya yanke ya faɗi.

Ɗakin ma ba nata ba ne. Da safen nan aka kira ta ta maye gurbin wata abokiyar aikinta da zazzaɓi ya kwantar. Tana shigowa ta ga fuskokin masu jarrabawar, ta raɗa wa shugaban ɗakin a canza mata wuri. Ya dubi agogo ya ce an riga an rufe ƙofa, kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi.

Mutum sittin ke neman shiga kwalejin koyon aikin jinya, yawancinsu yara ne da ko warin sakandare bai sake su ba. Sai wata mata a kujerar ƙarshe, gefen taga, da tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Yaran suna ce mata Goggo. Shekara ashirin da biyu tana goge ɗakunan asibiti. Sabbin nas-nas a wurinta suke koyon juya majinyaci ba tare da an fama masa ciwo ba, amma takarda ba ta san wannan ba. Sai da ta yi shekara uku a ajin yamma kafin ta haɗa sakamakon lissafi da kimiyya da kwalejin ta gindaya. Bana ce damarta ta ƙarshe, baɗi ta haura shekarun da ake ɗauka.

Jarrabawar irin ta cike ƙwayayen haruffa da fensir ce: tambayoyi a littafi, amsa a takarda daban, kowace tambaya da layinta. Na'ura ke dubawa, ita kuwa na'ura ba sani ba sabo.

Abin da malamar ta gani shi ne, yatsan Goggo yana kan tambaya ta arba'in, fensirinta kuma yana cike layi na talatin da tara. Ta wuce, ta sake zagayowa kamar mai duba taga. A littafin an zagaye tambaya ta bakwai, alamar an tsallake ta za a dawo mata. A takardar amsa kuwa layi na bakwai a cike yake. Wato tun daga nan kowace amsa ta hau layin da ba nata ba.

Abin takaicin, tambaya ta arba'in kan bugun zuciya ce, kuma harafin da Goggo ta zaɓa daidai ne. Ta sani, wallahi ta sani. Wurin ajiyewa ne kawai ta kuskure.

Dokar a bayyane take. Malamin da ya yi wa mai jarrabawa magana shi kaɗai, a soke takardar mai jarrabawar nan take. Ga kyamara a kusurwa, ga shugaba da ido kamar na shaho. In ta yi magana ta kashe ta, in ta yi shiru ta kashe ta.

Ta koma gaban allo ta ɗaga murya.

"Kowa ya duba, lambar tambaya ta yi daidai da lambar layi."

Kawuna hamsin da tara suka motsa. Na Goggo bai motsa ba. Kunnenta na hagu ya daɗe da yin nauyi, kuma ta wannan gefen tsohuwar fanka ke ta ƙugi.

Malamar ta buɗe baki za ta maimaita, shugaban ya ce, "Malama, sanarwa ɗaya ta isa."

Saura minti goma. Ta je ta tsaya kusa da kujerar, ta yi gyaran murya. Goggo ta ƙara sunkuyar da kai. Tun safe ba ta yarda sun haɗa ido da malamar ba ko sau ɗaya. Ga magogin fensir nan a gefen hannunta, sabo dal, jiya da la'asar aka saye shi. Minti goma sun isa a goge a gyara. Malamar ta tsaya tana kallonsa, hannayenta a baya, har ƙararrawa ta kaɗa. Ba ta taɓa jin ta zama banza irin ta ranar ba.

Ita ta karɓi takardar da hannunta, ta sa a ambulan, ta sa hannu a kan hatimin. Aikin gama ya gama.

A bakin ƙofar kwaleji ta tarar da Goggo a inuwa, ta cire tabarau tana fifita da littafi, fuskarta fal murna.

"Kin ga ko kallonki ban yi ba, kada a ce wani abu," in ji ta. "Kuma na bi dabarar da kika koya mini. Ta bakwai ta yi mini gardama, na tsallake ta na wuce abina. Sauran kuwa kamar ruwa."

Wata biyu malamar ta yi tana nanata mata wannan dabara a kan tabarma ɗaya, ba ta taɓa tuna ta ce a tsallake layin ma ba.

Malamar ta karɓi jakar da ke hannun Goggo, ta juyar da kai gefen titi.

"Kin yi ƙoƙari, Umma. Mu je gida."