Kwamfutar da Ke Share Mutum

"Wannan ma ba ta yi ba," in ji Bara'atu, ta ture kwamfutar da ɗan yatsa. Duk ƙura, har da kashin ɓera. Takanas ta taso daga Kibiya don zaɓen kwamfutar tebur ta gyaran hotunan biki, amma kayan shagon nan na Rano ƙyama kawai suke ba ta.

Malam Gwadabe mai shagon ya tofar da tuƙar goro. "Zo ki ga wadda nake aiki da ita, Hajiya. Ko mutum ne ba kya so a hoto, share shi take."

Ya buɗe wani hoto. Nan take ta gane shi, na bikin yayanta Amiru ne. Irinsa na rataye a ɗakin Innarsu, wadda kullum ke cewa tana alwala aka ɗauka, shi ya sa babu ita.

"Kalli yadda yake da farko."

Ya danna. Sai ga Inna a gefen ango, cikin sabon zani, tana dariya.

"Angon ne ya ce a cire tsohuwar, wai ƙauyancinta zai ba shi kunya gaban abokansa na Kano. Kin ga ko alama?"

Ashe Inna ta sani, asirin ɗanta take rufawa.

Bara'atu ta ɗora hannu a kan kwamfutar.

"Ita zan saya, Malam. Amma da hoton a ciki."