Rariya

Ko takardar farashi bai cire daga wuyan rigar ba. Abin da Walt Hrycak ya fara gani ke nan a jikin mutumin da ya zo ya baje a kujerar matarsa, kofin giya a hannu, ga wani ɗan tsiron gemu na kwana biyu.

Irinsa ne suka cika filin hokin ƙanƙara yau. Duk tsawon hunturu, lokacin da Kyarketai, ƙungiyar garin, ke shan kashi, sanyi na tsaga leɓe tun daga wurin ajiye motoci, ina suke? Suna gida sun miƙe ƙafa. Yanzu da aka shiga wasannin kofi, kowane gaja ya sayi farar riga ya bar gemu, wai shi ma ɗan gida ne. Tir! Shi Walt tun kansa na da baƙin gashi yake kan kujerarsa a filin nan.

"Baba, wai zubi nawa ake yi ne?" in ji baƙon.

"Uku. In ka gaji a na biyu, ga ƙofa can."

Amma wadda ta fi ƙona masa rai ita ce Darlene, matarsa. Wasa na bakwai, wanda ya faɗi ya tattara ya tafi gida, sai yau ta ce ba za ta iya shiga ba. Ta rako shi har bakin ƙofa, ta miƙa tikitinta ga wanda ya fara tambaya, ta koma mota ta zauna. Ba za ta iya ba! Ashe ita ma son da take wa ƙungiyar na ranar daɗi ne.

A ɓangarensu na bayan raga akwai al'ada. Idan aka shiga zubi na uku, mai tsaron ragar ƙungiyar baƙi ya dawo gabansu, Walt ne ke miƙewa ya nuna shi da yatsa ya ɗauko waƙar: Rariya! Wato komai aka buga masa wucewa yake. Sai filin duka ya amsa. Bai taɓa fashi ba. Da zazzaɓi ya yi, ranar da aka binne yayansa ma ya zo ya yi. Da wannan aka san shi a garin, kuma da shi yake taƙama.

Mai tsaron ragar baƙin na yau sabo ne, an sa shi ne saboda babbansu ya ji ciwo a gwiwa. Amma ya tsare ragar nan tamau. Kyarketai sun yi ta yi masa ruwan faifai, wato ƙwallon hokin, ya kama da hannu, ya tare da ƙafa, ya ture da sanda. Aka tafi hutu na biyu babu wanda ya ci wani.

Walt ya zuba masa ido yana dawowa. Mai tsaron ya daki ƙarfen ragar na hagu da sanda, ya kurɓi ruwa ya furzar, ya gyara tsayuwa.

"In ransa ya ɓaci hannun hagunsa sauka yake," Walt ya faɗa a hankali. "Sai a ɗaga masa sama."

"Kai, Baba, ka san kan wasa!" in ji baƙon, gugguru na zuba daga bakinsa.

Bev Lindqvist, tsohuwar da ke zama a bayansu tun fil azal, ta dafa kafaɗar Walt.

"Walt, don Allah yau ka bari. Babu wanda zai ga laifinka."

"Ke ma, Bev?"

Ya waiga. Tsofaffin 'yan ɓangaren, waɗanda kullum a wannan lokaci suke jiransa baki buɗe, yau kowa takalminsa yake kallo. Abin ya ba shi ƙyama. Wato haka suke? Ana neman mutum guda da zai tsaya wa ƙungiya a ranar da ta fi bukata, sai kowa ya zama salihi.

Ya miƙe, ya miƙa yatsa. Muryar nan tasa da a da ake jin ta har ƙarshen layi idan yana kiran yara su dawo cin abinci, ita ya saki gaba ɗaya.

"Ra-ri-ya!"

Mai tsaron ragar, wanda tun ɗazu ana zaginsa ana dukan gilashin da ke bayansa bai ko motsa ba, ya juyo. Bai tsaya neman kowa ba, kai tsaye ya kalli inda Walt yake.

Masu sababbin riguna suka ɗauka, filin ya kaure. Rariya! Rariya!

Ba a daɗe ba ɗan wasan Kyarketai ya shigo ta dama a guje ya ɗaga faifan sama. Hannun hagun mai tsaron yana ƙasa, faifan ya shige raga. Jar fitila ta kama, ƙaho ya ɗauka, giya ta yi ta tashi sama. Da wannan ƙwallo guda aka tashi.

Baƙon ya rungume Walt yana tsalle. "Baba, kai ne masoyin gaske! Kai ka ci mana wasan nan!" Walt ya ture shi ya kakkaɓe rigarsa. Yabo daga bakin wanda bai san zubi nawa ake yi ba.

Ya tarar da Darlene a mota, rediyo a kashe, idanunta sun kumbura.

"Mun ci," ya ce. "Da kin shigo da kin ga yadda ake son ƙungiya."

"Na ji ka. Har a rediyo muryarka ta fito."

Ta ta da motar, sannan ta sake kashewa.

"Sauka, Walt. Ɗanka yana ƙofar baya da jakar kayan tsaron ragarsa, ya ce a kira masa babansa su gaisa kafin motarsu ta tashi."