Duk Lahadi

Baba ya murza zanen gadon da yatsu biyu, yadda ya shekara talatin yana murza atamfa a shagonsa na unguwar Château Rouge a Paris.

"Ba laifi," ya ce.

Gidan kula da tsofaffi masu ciwon mantuwa ne a gefen Lyon, kusa da wurin aikina. Ciwon ya cinye masa Faransanci kaf, don haka ni ce tafinta tsakaninsa da shugabar gidan. Na zo da tambayoyina a takarda: naman halal, alƙibla, ƙofar da ba ta buɗuwa sai da lamba. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Tambaye ta, ana barin fitila a kunne?"

Matar ta ce ana bari.

"Wanda ya ƙi cin abinci, lallashinsa ake yi ko tsawa? Mai fitsarin kwance fa, ana yi masa dariya?"

Na fassara. Wata uku ina ɓoye masa, ashe ya san inda zan ajiye shi.

Ya danna katifar, ya leƙa taga, sannan ya kama hannuna.

"Makarantar ta yi, ɗiyata. Ki dage da karatu, ban da kuka." Ya share mini hawaye da hannun rigarsa. "Ba yar da ke na yi ba. Duk Lahadi zan zo in gan ki."

Maganar da na yi ta haddacewa ke nan a jirgin ƙasa tun daga Paris. Ita ma ya riga ni.