Jirgin da Gari Ya Cinye

"To wai wane marar tsoron Allah ne ya cinye jirgin nan?" Wata amarya tana tsugune tana wanke-wanke ta jiyo mai unguwa yana wannan tambaya a bayan katanga. Ba mai yawan magana ba ce, amma ƙofar gidansu jirgin take kallo. Ɗan jirgin yaƙi ne na zamanin da, siriri kamar kwalekwale, irin wanda kan laɓaɓa kusa da babban jirgi ya sakar masa dogon bam mai gudu a cikin ruwa, ya juya ya tsere. Da ya tsufa aka jawo shi bakin kogi, aka yi masa rumfa, aka sa wani tsoho gurgu gadinsa. Garin ba su da abin nuna wa baƙo da ya wuce shi. Sai dai sun yarda cewa ƙarfen da ya shiga yaƙi bai nutse ba, ruwa ba ya cin mai ɗauke da shi. Duk wanda ɗansa zai fara shiga kwalekwale, sai ya je ya ɓalle ƙusa ɗaya, maƙeri ya yi masa zobe. Ɗaya ce fa, ai ba komai. Tsoho yana gani, amma yaya gurgu zai hana manyan gari?

Ranar da gefen jirgin ya ɓare ya kwanta ƙasa, gari ya taru. Aka ce tsoho ne ke sayar wa 'yan gwangwan ƙarafan jirgin. Aka watso tabarmarsa da butarsa waje, aka kore shi daga rumfar da ba shi da wani makwanci sai ita. Amarya tana leƙe ta zaure, zuciyarta na tafasa, don duk hannun da aka ɗaga ana nuna tsohon, sanye yake da irin zoben nan. Ta ƙudura in maigidanta ya dawo sai ta faɗa masa gaskiya, ya je ya tsaya wa bawan Allahn nan. Ya dawo yana tsaki yana zagin ɓarawo. Ta durƙusa tana zuba masa ruwan wanke hannu, sai ga zoben a ɗan yatsansa. Ta haɗiye maganarta, ta bar ta a cikinta, ba wanda zai ji. Ai dama Hausawa sun faɗa: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.